Yaya aka yi gidajen zuhudu suka rayu a ƙasar Luther?

Tambaya: A darasin tarihin coci an koya mana cewa Martin Luther ya yi watsi da zaman zuhudu, har ya auri macen da ta gudo daga gidan zuhudu. To sai ga shi wani ɗan'uwana da ke karatu a Hanover yana ce mini a can akwai gidajen zuhudu masu shekara ɗari bakwai ko fiye, na Lutheran, da mutane a ciki har yau. Ko dai na Katolika ne ya rikita?

Amsa: Malam, ɗan'uwanka bai rikita komai ba. A jihar Niedersachsen ta ƙasar Jamus, wadda Hanover ce babban birninta, akwai gidajen mata 15 da aka kafa tun kafin a haifi Luther, yau na Lutheran ne, kuma akwai mata zaune a cikinsu ƙarƙashin shugabarsu. Akwai kuma na maza irin su Loccum da Amelungsborn. Abin da aka koya muku ma gaskiya ne, sai dai rabin labarin ne. Aƙida ce ta tayar da rigimar, amma ba ita ta zaɓi gidan da zai mutu da wanda zai rayu ba. Dukiyar gidan, da bukatar masu sarauta, da taurin kan matan da ke ciki, su suka yanke wannan hukunci.

Sai ka fara sanin me ake nufi da gidan zuhudu a Turai ta wancan zamani, domin idan ka ɗauka ɗakin addu'a ne kawai, sauran labarin ba zai shiga ba. Gida irin wannan yana da gonaki da dazuzzuka da tafkunan kifi da injinan niƙa, yana da ƙauyukan da ke biyansa haraji, wani ma yana da kotunsa. Gidan mata na Lüne yana da rabo a ma'adinin gishirin Lüneburg, wanda a lokacin shi ne arzikin yankin. Mai shiga yana yin alwashin zama har mutuwa: ba aure, ba mallakar komai, sai biyayya ga shugaba. Yawancinsu suna bin ƙa'idar Benedict ta ƙarni na 6, inda ake taruwa addu'a sau bakwai da rana da sau ɗaya cikin dare, a sauke Zabura 150 duk mako. Dukiyar kuwa daga ina? Daga sarakuna da attajirai da suka ba da filaye domin a riƙa yi wa mamatansu addu'a da hadayar Mas, wato babbar ibadar Katolika, har abada. A nan koyarwar Luther ta sari gindin bishiyar, domin idan ceto kyauta ne ta wurin bangaskiya, to me aka saya da filin?

Luther kansa ɗan gida ne. Ya shiga gidan 'yan Augustine na Erfurt a 1505, kuma bai tuɓe rigar ba sai 1524. A 1521, yana ɓoye a fadar Wartburg, ya rubuta dogon hukunci a kan alwashin zuhudu. Abin da ya ƙi a fili yake. Ya ƙi a ce alwashin hanya ce ta samun ceto. Ya ƙi a ce mai zuhudu ya fi manomi ko uwar 'ya'ya daraja a wurin Allah. Ya ƙi a kai yarinya tun ba ta mallaki hankalinta ba a ɗaure ta da rantsuwar da ba ta warwaruwa. Amma bai taɓa cewa haramun ne mutane su zauna tare bisa son ransu suna addu'a da karatu ba. A 1532, da majalisar garin Herford ta so ta watsa wasu 'yan'uwa masu zaman tarayya da suka karɓi koyarwarsa, Luther ya rubuta wasiƙa ya ce a ƙyale su, har da tufafinsu. Shaidar bangaskiya ta Augsburg ta 1530, a sashe na 27, ta tuna wa mutane cewa asali gidajen nan makarantu ne. A 1537 kuma Luther ya rubuta a ƙa'idodin Schmalkalden cewa an kafa su ne domin tarbiyyar maza masu ilimi da mata masu kamun kai, don haka a mayar da su ga wannan aiki, in kuwa ba za su yi ba gara a rushe su. Wannan 'yar ƙofa da ya bari, duk gidan da ya tsira ta nan ya bi.

Kada ka ɗauka masu tsiran suna da yawa. Mafi yawa sun mutu. Wasu sun watse da kansu, kamar yadda mata 12 suka tsere daga Nimbschen a lokacin Ista na 1523, cikinsu har da Katharina von Bora wadda Luther ya aura a 1525, suka kuma zauna a tsohon gidan zuhudun Wittenberg da ya zama kango. Wasu manoma suka wawushe su a tawayen 1525. A manyan birane dabarar ita ce a hana ɗaukar sababbi a jira mutuwa ta yi aikinta. Haka aka yi wa matan gidan Klara na Nürnberg ƙarƙashin Caritas Pirckheimer, mace mai zurfin ilimin Latin wadda ta tsaya kai da fata, har Melanchthon, babban abokin aikin Luther, da ya zo ya gana da ita a 1525 ya ce kada a fitar da kowa da ƙarfi. An bar su, ba a ba su magada ba, ta ƙarshensu ta rasu a 1596.

Bambancin Jamus da Ingila ke nan. A Ingila sarki ɗaya ne, Henry na 8, ya rufe gidaje sama da 800 tsakanin 1536 da 1540, ya sayar da filayen, magana ta ƙare. Jamus kuwa a lokacin tarin masarautu ne da birane masu cin gashin kansu, kowane da mai mulkinsa da majalisar manyan ƙasarsa, kuma yarjejeniyar Augsburg ta 1555 ta bar wa kowane sarki ya zaɓa wa ƙasarsa addini. Don haka kowa ya yi da gidajen zuhudu yadda ƙarfinsa da bashinsa da imaninsa suka ba shi. Philipp na Hessen ya rufe nasa a 1527, ya kafa jami'ar Marburg da wani kaso na dukiyar, ya mayar da Haina asibitin talakawan karkara a 1533, kuma har yau asibitin masu taɓin hankali ne a wurin. Moritz na Saksoni ya mayar da Pforta makarantar kwana a 1543. Christoph na Württemberg ya fi su tsari: a 1556 ya mayar da gidajen maza 13 makarantun share fagen aikin fasto, ya bar musu shugabanni masu laƙabin shugaban gidan zuhudu, 'yan Lutheran, masu kujera a majalisar ƙasa. Yara suna tashi da asuba su rera Zabura a inda 'yan zuhudu suka saba tsayawa. A ɗaya daga cikinsu, Maulbronn, wanda aka kafa a 1147, Johannes Kepler mai ilimin taurari ya yi karatu daga 1586 zuwa 1589. Makarantar tana nan, ginin kuma UNESCO ta sa shi cikin kayan tarihin duniya a 1993.

Waɗannan dai gini ne da dukiya suka rayu, jama'ar ta canza. Tambayarka ta fi shafar inda jama'ar kanta ta ci gaba ba tare da yankewa ba, kuma a ɓangaren maza babu misalin da ya kai Loccum.

An kafa Loccum a 1163, 'yan ɗariƙar zuhudu ta Sistasiya ne suka zo daga gidan Volkenroda suka sare daji suka zauna. Lokacin da guguwar Luther ta taso, gidan bai yi gaggawa ba. Ya shafe shekara kusan saba'in yana Katolika alhali ƙauyukan da ke kewaye sun juya. A 1585 shugabansa ya yi mubaya'a ga Sarki Julius na Braunschweig-Wolfenbüttel, wanda ɗan Lutheran ne, bisa sharaɗin gidan zai riƙe dukiyarsa da 'yancin zaɓen shugabansa. Wajen 1593 jama'ar gidan suka karɓi shaidar Augsburg. Ba wanda ya kore su, ba wanda ya kawo baƙi ya zuba. Mutanen da suka kwana suna Katolika su ne suka wayi gari suna Lutheran, a hankali, tsofaffi na mutuwa, sababbin da ke shigowa kuwa a makarantun Lutheran suka tashi. An daina alwashin har abada, an daina hadayar Mas, amma an riƙe addu'ar lokuta, an riƙe zaɓen shugaba, an riƙe sandarsa da doguwar hularsa. Har yau shugaban Loccum yana riƙe sandar a manyan bukukuwa.

Me ya sa sarki ya bar su? Ruwa ba ya tsami banza. Shugaban Loccum shi ne na gaba a majalisar manyan ƙasar Calenberg, inda gidan yake, majalisar da sai ta yarda ake ɗora haraji. Ka rushe gidan, ka taɓa tsarin majalisar, sauran manya kuma su fara tunanin gobe kansu za a zo. Ya fi sauƙi a bar kujerar a tabbatar mai zama a kanta na gida ne.

Mafi shahara cikin shugabannin Loccum na Lutheran shi ne Gerhard Wolter Molanus, wanda ya riƙe gidan daga 1677 zuwa 1722. Bai yi aure ba, yana ganin kansa magajin 'yan Sistasiya na gaskiya, kuma shi da masanin falsafa Leibniz suka yi shekaru suna tattaunawa da manyan Katolika, har da Bishop Bossuet na Faransa, kan yadda za a sake haɗa cocin biyu. Ba a cimma komai ba, amma ba mamaki a ce daga irin wannan gida yunƙurin ya fito, gidan da ƙafarsa ɗaya ke tsohon zamani. Kada kuma in yi wa gidan kwalliyar da bai cancanta ba: a ƙarni na 17, yana Lutheran, kotun gidan ta yanke wa mutane da dama hukuncin kisa bisa zargin maita, yawancinsu matan ƙauye. Daga 1820 Loccum ya zama makarantar horar da fastoci, kuma aikin da yake yi ke nan har yau. Wani abin da zai ba mutanen Adamawa sha'awa: Bishop Hanns Lilje, wanda ya zama shugaban Loccum a 1950, shi ne ya shugabanci Tarayyar Lutheran ta Duniya daga 1952 zuwa 1957, kujerar da Akbishop Musa Panti Filibus na cocin Lutheran na Najeriya, LCCN, mai hedikwata a Numan ya hau daga 2017 zuwa 2023.

Sauran gidajen maza ba su yi tsawon rai irin wannan ba. Berge, kusa da Magdeburg, ya zama Lutheran a 1565, kuma a cikinsa malamai suka kammala rubuta matsayar haɗin kan Lutheran a 1577, amma yaƙe-yaƙen Napoleon suka ci shi. Na Mika'ilu da ke Lüneburg ya yi fiye da shekara ɗari yana gidan zuhudun Lutheran kafin a mayar da shi makarantar 'ya'yan masu sarauta a 1656. Bursfelde kuwa laƙabin ne ya rage: tun 1828 wani farfesan tauhidi na jami'ar Göttingen ake naɗawa shugabansa. Dalilin ƙarewarsu ba ɓoyayye ba ne. Namijin da ya bar zuhudu yana da wurin zuwa. Ya iya Latin, ya iya wa'azi, sabon cocin yana neman fastoci ido rufe, za a ba shi albashi da gida, ya yi aure. Me zai zaunar da shi?

Mace fa? A nan labarin ya fi daɗi, a nan kuma yawancin littattafan makaranta suke tsallakewa.

Ka ɗauki macen da ta shiga Lüne ko Wienhausen tana 'yar shekara goma, yanzu tana da hamsin. Ta iya karatu da rubutu da Latin, abin da ƙannenta maza da yawa ba su iya ba. Tana da ƙuri'a wajen zaɓen shugabarta. Wataƙila ita ke riƙe da lissafin hatsi ko na gishiri na gida mai ƙauyuka. Sai wani mai wa'azi ya zo ya ce mata an 'yanta ta, ta fita. Ta fita zuwa ina? Ba za a naɗa ta fasto ba. Kason gadonta an riga an ba gidan zuhudu tun ranar da ta shiga. Abin da ke jiranta shi ne ɗaki a gidan ɗan'uwanta, ƙarƙashin ikon matarsa. Ban ce imani bai taka rawa ba, ya taka sosai, wasiƙunsu sun nuna mata ne da suka san abin da suka gaskata kuma suka iya kare shi da ayoyi. A Lüne kaɗai an sami kwafin wasiƙu wajen 1,800 na wannan zamani, cikin Latin da Jamusancin arewa. Amma imani da maslaha a nan hanya ɗaya suka bi, shi ya sa tsayuwar tasu ta yi ƙarfi.

Sarki Ernst na Lüneburg, wanda ya yi karatu a Wittenberg kuma yana cikin waɗanda suka sa hannu a shaidar Augsburg, ya sha mamaki a hannunsu. Daga 1529 ya tsige limaman da ke kula da dukiyar gidajen mata shida na ƙasarsa, wato Ebstorf, Isenhagen, Lüne, Medingen, Walsrode da Wienhausen, ya tura musu masu wa'azin Lutheran. Matan suka ƙi saurare. In mai wa'azi ya fara, su kuma su ɗaga murya da waƙoƙin Latin. Ana ba da labarin cewa a Lüne tsofaffin takalman gashi suka cinna wa wuta don hayaƙi ya kore shi daga mumbari. A Wienhausen sarki ya rushe wasu ɗakunan ibada a 1531, shugabar gidan Katharina Remstede ta yi hijira zuwa Hildesheim, ƙasar bishop. Shugabar Medingen ma can ta gudu a 1542, da takardun mallakar gidan da kayansa masu daraja, domin ta san wanda ke riƙe da takarda shi ke riƙe da fili. Ernst ya mutu a 1546 bai ga ƙarshen abin ba. Medingen bai sallama ba sai a shekarun 1550. Lüne ya ɗauki fiye da shekara talatin. Wienhausen bai sami shugaba 'yar Lutheran ba sai 1587, kuma matan ba su ajiye rigar Sistasiya ba sai 1616, kusan shekara ɗari bayan Luther ya fara magana. A Dobbertin da ke Mecklenburg har jifa da duwatsu aka yi a 1562 lokacin da aka zo fitar da masu taurin kai a kan keken doki.

Za ka ce, sarki da sojoji, me ya hana shi ya kwashe su gaba ɗaya? Su wane ne iyayen matan nan? 'Ya'yan masu sarautar karkara ne da attajiran Lüneburg, mutanen da sarki ke cin bashi a wurinsu, masu zama a majalisarsa. Su kansu sun zama Lutheran, amma suna da 'ya'ya mata, kuma aurar da 'yar babban gida yana cin dukiya mai yawa. Mai 'ya'ya mata biyar ba zai iya yi wa duka kayan aure daidai da darajarsa ba. Tun kaka da kakanni gidan zuhudu ne ke ɗauke masa biyu ko uku cikin mutunci. Canjin aƙida bai canza wannan lissafi ba. A Mecklenburg abin ya fito ƙarara: a 1572 manyan ƙasa suka ɗauki nauyin bashin da ya yi wa sarakunansu katutu, a madadin haka aka miƙa musu gidaje uku, Dobbertin da Malchow da Ribnitz, domin 'ya'yansu mata marasa aure. Ciniki ne, kuma ba wanda ya ɓoye cewa ciniki ne.

Abin da ya fito daga wannan ja-in-ja wani sabon abu ne da Luther bai tsara ba, Paparoma ma bai san shi ba. Babu alwashin har abada, wadda ta sami miji tana iya fita ta yi aure ba tare da an kira ta mai ridda ba. An cire addu'o'in neman ceton waliyyai, aka shigo da wa'azi da waƙoƙin Jamusanci, ko da yake Latin ya daɗe bai fita ba. A hankali cin abinci a tukunya ɗaya ya ragu, kowace ta koma da ɗakunanta da kason kuɗinta. Amma shugaba zaɓaɓɓiya tana nan, taron addu'a yana nan, sunan gidan da hatiminsa da filayensa suna nan.

Akwai wani sakamako da ba wanda ya yi niyyarsa. Idan kana neman kayan ibadar mata na ƙarni na 13 zuwa na 15 a inda aka yi su, gidajen nan na Lutheran za ka nufa. Gidajen Katolika masu arziki sun yi ta sabunta ado a ƙarni na 17 da na 18, suna fitar da tsoho suna sa sabo, sannan aka rufe yawancinsu a 1803 kayansu suka watse. Matan Lüneburg kuwa ba su da kuɗin sabuntawa, ba su kuma da zuciyar zubar da abin da magabatansu suka saƙa da hannu. Sai suka naɗe suka sa a akwati. Shi ya sa Wienhausen ke da manyan dardumai masu zane na ƙarni na 14 da na 15. A 1953 da aka ɗaga katakan daɓen wurin addu'arsu, aka tarar da abubuwan da suka faɗa ta tsaga ko aka tura da gangan cikin ɗaruruwan shekaru: ƙananan littattafan addu'a, hotunan waliyyai, da tabarau na ƙarni na 14 da ke cikin mafi tsufa da aka sani a duniya. A Ebstorf, wajen 1830, aka gano taswirar duniya a wani ɗakin ajiya, faɗinta da tsawonta kowanne ya haura mita uku da rabi, an ɗinka ta da fatu 30. Da an bar ta a can da wataƙila tana nan. Aka kai ta Hanover don a adana ta da kyau, bama-baman 1943 suka ƙone ta, sai kwafi ya rage.

Batun kuɗi kuwa, sunan da ya kamata ka riƙe shi ne Elisabeth ta Calenberg. Mijinta ya rasu a 1540, ta riƙe ƙasa a madadin ɗanta ƙarami, ta shigo da koyarwar Luther tare da malaminta Antonius Corvinus. A dokar gidajen zuhudu da ta fitar a 1542 ba ta haɗe dukiyarsu da baitulmalin sarki ba, ta ce a riƙe ta daban domin coci da makaranta da taimakon mabukata. Wanda ya san wakafi ya gane abin nan take: asalin dukiya ba a sayarwa, ba a gada, amfaninta kawai ake ci, kuma a kan abin da aka ajiye ta dominsa. Ɗanta da ya girma ya koma Katolika, tsarin ya yi tangal-tangal, amma waɗanda suka gaji ƙasar daga baya suka ɗora a kansa. Daga wannan asusu aka tallafi jami'ar Göttingen da aka buɗe a 1737. A 1818 Yarima George, mai riƙon sarautar Ingila da Hanover, ya kafa hukuma ta musamman mai kula da shi, Klosterkammer, wadda har yau take aiki. Tana riƙe da fili wajen hekta 40,000 da gine-ginen tarihi wajen 800, kuma daga kuɗin haya da na katako ake gyaran rufin gidajen nan da ɗaukar nauyin matan da ke ciki. Ba don wannan asusu ba, da yawancinsu yau kango ne ko otal.

Sau biyu aka kusa shafe komai. A 1629, tsakiyar Yaƙin Shekara Talatin, Sarkin Daula Ferdinand na 2 ya ba da umarnin a mayar wa Katolika duk dukiyar cocin da aka karɓe bayan 1552, aka kuwa dawo da 'yan zuhudun Katolika Maulbronn da Loccum na ɗan lokaci. Sulhun Westfaliya na 1648 ya warware da ƙa'ida mai sauƙi: duk wanda ke riƙe da wuri a ranar 1 ga Janairun 1624, nasa ne. Wannan ƙa'ida ta haifar da abubuwan ban dariya. A Börstel, yankin Osnabrück, an tarar matan a gauraye suke, sai aka rubuta kujeru takwas na Lutheran, biyu na Katolika, kuma haka tsarin yake har yau a gida ɗaya.

Na biyu shi ne zamanin Napoleon, kuma manya ya ci. Quedlinburg, wanda aka kafa a 936, ya zama Lutheran a 1539 ƙarƙashin Anna ta Stolberg, shugabarsa kuma sarauniyar ƙaramar ƙasa ce mai wakilci a majalisar daula. 'Ya'yan sarakuna ake naɗawa, har ƙanwar Frederick Babba na Prusiya ta riƙe shi. Da aka zo rabon ƙasashen coci a 1802 da 1803, Prusiya ta haɗiye shi. Gandersheim ya bi baya a 1810. Ƙananan gidajen Lüneburg da Calenberg, da ba su da ƙasar da za a yi kwaɗayi kuma suna da manyan gari a bayansu, su suka wuce.

To shin wannan zuhudu ne? A ganina, a ƙarni na 18 da na 19 da yawansu sunan ne kawai. A Mecklenburg uba yakan rubuta sunan 'yarsa a rajistar gida tun tana jaririya, don ta shiga layin samun kaso. Wasu suna karɓar kuɗin ba tare da sun zauna a gidan ba. Sai an nuna asalin sarauta kafin a shiga da yawa daga cikinsu. Wanda ya kira su gidajen fanshon 'ya'yan manya bai yi ƙarya ba, ko da yake ko a lokacin akwai inda aka riƙe addu'a da koyar da yara mata da gaske. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu sharaɗin asali ya faɗi a yawancinsu. Yau wadda ke shiga galibi mace ce 'yar Lutheran da ba ta tare da miji, ko ba ta taɓa aure ba, ko ya rasu, ko sun rabu, ta gama aikinta na malanta ko jinya ko ofis. Ana ba ta ɗakunanta, tana halartar addu'a tare da sauran, tana zagayawa da baƙi, tana kula da lambu ko ɗakin adana takardu. Amelungsborn, wanda aka kafa a 1135 ya zama Lutheran a 1568, an farfaɗo da shi a 1960 da wani salo: maza ne masu iyali da sana'o'insu a gari, suna taruwa a gidan lokaci-lokaci su yi addu'ar lokuta.

Kada kuma ka haɗa waɗannan da wani abu dabam da ya taso bayan yaƙin, wato sababbin ƙungiyoyin Lutheran masu ɗaukar alwashin rashin aure da tarayyar dukiya da biyayya na tsawon rai, irin su na Selbitz da aka kafa a 1949 da Casteller Ring a 1950, wadda ke bin ƙa'idar Benedict. Su ba su gaji gini ko fili daga kowa ba, kuma da farko manyan cocin sun dube su da zargin komawa Katolika. Wani lokaci layukan biyu sukan haɗu. Wülfinghausen, ɗaya daga gidajen Calenberg biyar, an kafa shi a 1236, ya bi duk matakan da na zayyana, har jama'arsa ta tsufa ta ragu. A 1994 aka gayyato 'yan'uwa mata daga Selbitz suka tare a ciki, suka dawo da addu'ar lokuta ta kullum da cin abinci tare, Klosterkammer kuma ta ci gaba da ɗaukar nauyin ginin.